Alalar da Masu Dafa Ta Ba Sa Ci

Aikin duba-gari ba aikin da ake yi wa mutum barka da shi ba ne. Ranar da na fara sa kakin aikin na fito daga gidanmu na Limawa, wata maƙwabciyarmu ta hango ni ta ruga ta rufe randarta, ta kori kaji daga bakin murhu, alhali gaishe ta kawai zan shiga yi. Tun daga lokacin na saba. In na shiga gidan biki sai in ga ana tura kwanukan wanke-wanke bayan ƙyaure da ƙafa. Ban taɓa jin haushi ba, don ni ma ba kanwar lasa ba ce, kuma a gidanmu an san bakina tun kafin in yi karatun tsaftar muhalli.

Gidan namu gidan malamai ne. Baffana, yayan mahaifina, shi ne mai makarantar da ke ƙofar gida, kuma shi ke jan salla a masallacin layinmu. Ba ya kiran sunana, domin sunan mahaifiyarsu aka sa mini, sai dai ya ce "Uwata." Ƙanwarsa kuwa, Gwaggo, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ita ce mai riƙe da tukunya. A unguwarmu in ana maganar alala, to maganar Gwaggo ake yi. Masu biki har daga wasu unguwanni suke aiko mata da wake, ta yi musu, ba ta karɓar komai sai godiya, kuma in godiyar ta yi kaɗan sai ta faɗa maka.

Kowace shekara in azumi ya kama, gidanmu na ciyar da mutane. Manoman da suka yi karatu a gaban Baffa suka koma garuruwansu, daga Miga da Buji da ƙauyukan da ke tsakani, su ke kawo wake da gero, wasu masu hali a cikin gari su kawo manja da itace. Gwaggo da wasu matan unguwa su dafa alala da kunun tsamiya, a raba bayan la'asar. Masu zuwa karɓa sun haɗa da 'yan ga-ruwa, da 'yan ci-rani, da masu jinyar 'yan uwansu da suka zo daga ƙauye, da tsofaffin da ba su da mai dafa musu. Na tashi na tarar ana yi, kuma ina alfahari da shi kamar kowa a gidan.

A wani azumi da ya faɗo tsakiyar bazara, irin zafin nan na Dutse da duwatsu ke riƙewa su yi ta huro maka har bayan faɗuwar rana, sashenmu ya samu umarnin zagaya wuraren da ake ciyarwa. Dokar ba ta da wuyar fahimta. Abincin da za a raba wa jama'a, ko na sayarwa ne ko na sadaka, dole a dafa shi da ruwa mai kyau da hannu mai tsabta, kuma kada ya daɗe a ajiye tsakanin sauke shi da cinsa. Wurin da ya kasa gyarawa, a rufe shi. Da shugaban sashenmu ke raba mana unguwanni, ya zo kan Limawa sai ya dube ni ta saman tabarau.

"Gidanku ne fa. In tura wani?"

Na ce masa a'a, ni zan je. A raina dariya ma nake yi, don na san ba abin da za a samu a wurin Gwaggo, matar da ke sa a sake wanke ludayin da aka riga aka wanke.

Na je da hantsi, kuma abin da na zata shi na gani. Rumfa a share, tukwane na ƙyalli, kowace mace da ɗankwalinta a ɗaure. Na shinshina waken ko da warin maganin ƙwari, babu. Gwaggo na biye da ni tana yi mini ba'a, tana cewa in leƙa ƙarƙashin turmi ma, wataƙila ta ɓoye ƙuda a can. Sai dai wani abu ya tsaya mini a rai. Rana ba ta kai tsaka ba, amma an riga an sauke alala. Ana tsamo ta daga tukunya a ƙulle cikin leda, ana zubawa cikin buhuna da zafinta, a ɗaure bakin buhun a jingine a ɗakin ajiya mai rufin kwano. Kunu ne kawai ake bari sai yamma, don shi ba a son sa da sanyi.

Na tambayi dalili, duk da na san amsar. Matan nan kowacce tana da miji da 'ya'ya masu azumi. Dole su gama aikin sadaka da wuri su koma gida su ɗora nasu girkin. Haka ake yi tun ina yarinya, ni ce dai ban taɓa kallon abin da idon aiki ba.

Da aka zo rabo, na zura hannu can ƙasan buhu na ɗauki ƙulli guda. Gwaggo ta gani ta daka mini tsawa.

"Ke! Ajiye. Wannan ba rabonki ba ne."

A nan ya kamata in bayyana wata al'ada ta gidanmu. Duk abin da aka kawo da sunan sadaka, ba wanda ke cinsa a cikinmu. Baffa ya hana, kuma kakanmu ma an ce haka ya yi. Amanar mabuƙata ce, ko ƙwayar wake ce ta faɗi sai a tsince a mayar. Matan da ke girkin ma sun ɗauki wannan tarbiyya, har suna gasar nuna cewa ko hannunsu ba sa lasa. Ga shi kuma kowa na azumi, ba mai ɗanɗana gishiri, Gwaggo da ido take auna komai. Wato dai alalar nan da ake yi shekara da shekaru, babu ko mutum ɗaya daga cikin masu dafa ta da ya san yadda take a baki lokacin shan ruwa.

Na ce mata aiki ne ya sa ni, na jefa ƙullin a jaka na wuce tana faɗa.

Da aka kira magariba na sha ruwa, na kwance ledar. Kafin ta kai bakina hancina ya gaya mini. Na gutsura, sai ga yauƙi na bin yatsana kamar na miyar kuɓewa, ga tsami mai hawa kai. Na zauna da ita a hannu ina tuna yawan mutanen da na gani a layi ɗazu, kowa ya rungume ledarsa yana sa wa Gwaggo albarka.

Washegari na cire kaki na sa atamfa, na shiga gidajen wasu da na san suna karɓa. Ba wanda ya yarda ya kushe. Wani dattijo ɗan ga-ruwa ya ce shi kam cikinsa na murɗawa kowane azumi, amma ai ƙanƙarar da yake sha ce. Wata ta ce gudawar da 'ya'yanta ke yi ta zafi ce. Sai wata tsohuwa daga wajen Miga, wadda ta zo zaman jinyar 'yarta ta sauka a gidan dangi a bayan layinmu, ita ce ta ja ni gefe bayan na yi ta lallashi.

"'Yar nan, in dai ba za ki ce ni na faɗa ba. Wanda ya samu na saman buhu ya dace. Na ƙasa kam, wani lokaci in sake turara shi in runtse ido in ci, wani lokaci akuya nake ba wa."

Na ce, "To Iya, me ya sa kike komawa? Me ya sa ba ki gaya musu ba?"

Ta kama baki. "In gaya wa wa? Mutum ya ba ka don Allah ka ce masa ya yi tsami? Haba. Kuma in ban je ba, ai sai a ce na raina sadakar Malam."

Na fito daga gidan raina a ɓace, kuma ban san da wa zan yi fushin ba. Masu bayarwa ba sa ci don tsoron Allah, masu karɓa ba sa magana don kunya, kowa na ƙoƙarin yin abin kirki, ga kuma yara na kwana suna zarya bayan gida.

Na gaya wa shugabanmu komai, ban rage ba. Ya ce doka ɗaya ce ga kowa. Zai zo da kansa, ba zai faɗi ranar ba, kuma in ya tarar da alala a buhu tun hantsi zai rufe wurin. Ya ƙara da cewa kafin nan, abin da na san ya lalace kada in bari a raba. Na fita ina jin kamar an ɗora mini dutse a ka. In aka rufe, mutanen nan ba su da wani wurin zuwa a kusa, kuma za a daɗe ana cewa 'yar gidan ce ta kashe tukunyar kakanta.

Na sami Baffa a zaure bayan azahar, na durƙusa na faɗa masa. Bai katse ni ba. Da na gama ya sa a kira Gwaggo, ya ce in maimaita a gabanta. Na maimaita. Wallahi ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Alalata ce ta yi tsami?" in ji ta. "Ke da na goya, na koya miki surfen wake kina kuka? Yau don an ba ki kaki za ki zo ki ce ina ba bayin Allah ruɓaɓɓen abinci? Shekara nawa ina yi, wa ya taɓa dawo mini da ita?"

"Gwaggo, ba hannunki ba ne. Zafi ne da buhu da daɗewa."

"To ki je ki kama zafin ki rufe shi."

Da na yi shiru a nan da ya fi, amma ban iya ba. Na ce mata ta yau ma ba za a raba ba. Na tashi na je ɗakin ajiya na kwance buhu ɗaya, na ciro daga tsakiya na buɗe a gaban matan da suka dawo dama kunu. Warin bai yi ƙarfi ba tukuna, amma yana nan. Wasu suka kau da kai, wata ta ce ita ba ta ji komai ba, hancin mai azumi ne kawai. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin na ce buhu ko ɗaya ba zai fita ba.

Ranar kunu da dabino kawai aka raba. Ba zan manta da ita ba. Mutane suka zo suka yi layi kamar kullum, ana zuba musu kunu suna jiran a miƙo ledar, ba a miƙo ba. Ba wanda ya tambaya. Suka yi godiya suka tafi, wasu na waiwayena, don labari ya riga ya zaga. Dattijon nan ɗan ga-ruwa ya dubi robarsa ya dube ni, ya ce Allah ya saka da alheri. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Gab da magariba Baffa ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, abin da ba ya yi, don a ƙofar masallaci yake shan ruwa. Ya ce in kawo ƙulli biyu daga ƙasan buhu. Ya kira Gwaggo ta zauna. Da ta ga abin da ke cikin farantin ta ja baya.

"Yaya, amanar mutane ce fa. Kai ka hana."

"Ni na hana," in ji shi. "Yau kuma ni na ce a ci. In Uwata ta yi mana ƙarya, sai mu sani. In gaskiya ta faɗa, to abin da ni ba zan iya haɗiyewa ba, da wane ido zan miƙa wa wani in ce don Allah na ba shi?"

Aka kira salla. Suka ci dabino, suka kurɓi ruwa. Baffa ya kwance tasa ya gutsura ya sa a baki, ya tauna a hankali, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Gwaggo ta kwance tata da ƙarfi, irin na wadda za ta kunyata mutum, ta kai loma babba. Ina kallonta. Ta daina taunawa. Ta dubi abin da ya rage a hannunta, ta ja shi da yatsa ta ga zaren yauƙin. Ba ta tofar ba, don ita a rayuwarta ba ta taɓa tofar da abinci ba, ta haɗiye shi da ƙyar. Sai hawaye.

"Wannan suke buɗe baki da shi?" ta ce. Ba ni take tambaya ba, ba kuma Baffa ba.

Baffa ya tashi ya tafi masallaci. Ni kuma na rasa inda zan sa kaina. Na yi zaton zan ji daɗin an gane gaskiyata, amma tausayinta ne ya cika ni.

Da safe ita da kanta ta sa aka haƙa rami a bayan gida. A gidanmu ko tuwo ne ya kwana sai an yi ɗumame, zubar da abinci kuwa ana ganinsa kusa da saɓo. Amma ta tsaya a kan ramin har aka juye buhunan duka aka rufe, tana ta istigfari. Ba ta yarda a ba dabbobi ba. Ni kuwa ta ɗauke mini wuta gaba ɗaya. In na gaishe ta sai ta amsa wa bango.

Gane matsala daban, gyara ta daban. Aka tara matan a rumfa, na yi musu bayani cewa dole girkin alala ya koma bayan azahar, a sauke a raba da zafinta. Nan fa aka yi ca. Wata ta ce mijinta in aka kira salla bai ga ƙosai a gabansa ba, sai unguwa ta ji su. Wata ta ce surukarta na gidan, ba za ta iya barin ta da murhu ba. Gaskiyarsu ce, ba wanda ke biyansu, kuma ba a ce mace ta bar gidanta da yunwa don ta ciyar da na waje ba. Na kawo shawarar a raba su kashi biyu, suka ce hannun ba zai isa ba, don ƙulla alala aiki ne na mutane da yawa a lokaci ɗaya. Muka tashi ba matsaya. Kwanakin nan kunu da dabino aka ci gaba da rabawa, layi na raguwa, ni kuma kullum in na ji ƙarar babur a ƙofar gida sai in leƙa, ina cewa shugabanmu ne ya zo ya tarar ba mu da abin nunawa.

Baffa ne ya warware ta, ta hanyar da ban taɓa zato ba. Ya aika wa waɗanda ke kawo kayan, na Miga da na Buji da na cikin gari, ya nemi izininsu a kan abu ɗaya: duk matar da ta yi aikin girkin ta tafi gida da abin da zai ishi iyalinta shan ruwa daga tukunyar. Ya ce mai aiki a kan sadaka yana da rabo a cikinta in masu ita sun yarda, kuma hanin da ya yi a da tsantseni ne nasa, ba haramci ba. Duk suka amince, wani manomi ma ya ƙaro wake. Ta haka mace ba ta da girki biyu, ɗaya ne, kuma abin da za ta ba 'ya'yanta shi za ta ba na layi.

Sai kuma mazan suka tayar da nasu. Wani tela a layinmu ya ce shi bai kai matsayin da matarsa za ta kawo masa abincin sadaka ba, yana da sana'arsa. Maganar ta bazu, wasu suka bi shi. Baffa bai yi wa kowa wa'azi ba. Ranar da aka fara sabon tsarin, gab da magariba, sai ga shi ya fito da ɗan kwanonsa ya tsaya a ƙarshen layi, bayan 'yan ga-ruwa. Mutane suka rikice, kowa na cewa Allah gafarta Malam a wuce gaba, ya ƙi. Da layi ya zo kansa ya miƙa kwanon, Gwaggo ta sa masa alala. Ya je ƙofar masallaci ya zauna, da aka kira salla ya ci a gaban kowa, yana hura ta saboda zafi. Haka ya yi washegari, da wanshekaren. Telan nan da kansa aka gani daga baya yana tambayar matarsa ko da saura.

Abin da ya biyo baya ya ba ni mamaki, har da dariya. Da matan suka san 'ya'yansu za su ci, sai ga su sun fi ni tsanani. Wadda ta ce hancin mai azumi ne, ita ce ta kawo bokiti mai famfo da sabulu ta ajiye a bakin rumfa, ta zama 'yar sandan wanke hannu. Aka daina karɓar markaɗe daga injin da ke kusa da kwata, aka koma wani. Buhunan suka ɓace, aka aro manyan kuloli daga gidajen da ke da su, ko da yake alalar ba ta ma samun zama a ciki, daga tukunya sai hannun mai karɓa. Aikin ya yi wuya, ba zan ɓoye ba. Tsayuwa gaban wuta bayan azahar a bazarar Dutse, da azumi a baki, ba wasa ba ne. Akwai ranar da wata ta ga jiri aka zaunar da ita a inuwa ana yi mata fifita. Aka ƙara rumfa, aka matsar da murhu inda iska ke bi. Gwaggo kuwa ta zama kamar soja. Ba ta yi mini magana, amma duk abin da na faɗa sai in ji ta tana maimaita wa matan da muryarta, kamar ita ta ƙirƙiro shi. Na bar mata.

Layi ya dawo, har ya fi da. Na ga tsohuwar nan ta Miga ta karɓi tata tana juya ta daga hannu zuwa hannu don zafi. Muka haɗa ido, ta yi saurin kau da kai kamar ba ta san ni ba, amma tana murmushi.

Shugabanmu ya zo a goman ƙarshe, da hantsi, lokacin da ya san a da ake saukewa. Ya tarar da rumfa ba kowa sai wake a jiƙe a rufe. Ya leƙa ɗakin ajiya, babu komai sai itace da jarkokin manja. Ya tafi, sai ga shi ya dawo bayan la'asar ba sanarwa. Ya tsaya gefe yana kallon yadda ake tsamowa ana miƙawa. Ya tambayi inda ake ɗebo ruwa aka nuna masa, ya dubi faratan matan, ya buɗe kula ya sa hannu ya janye da sauri. Sai ya je wurin Gwaggo ya gaishe ta da ladabi.

"Hajiya, in ta yi saura fa, ya kuke yi da ita?"

"Ba ta saura," in ji Gwaggo. "In ma ta yi, a ƙofar masallaci ake cinye ta kafin isha'i. Ba abin da ke kwana a nan. Kuma ka matsa daga nan, ɗana, ba ka wanke hannu ba kake taɓa mini kula."

Na rufe baki don kada dariya ta kuɓuce mini. Mutumin da duk sashenmu ke tsoro ya je bakin bokiti ya wanke hannu da sabulu kamar ɗan makaranta. Baffa ya riƙe shi ya sha ruwa tare da su. Bayan salla ya kira ni gefe ya ce wurin ya ci gaba da aiki, kuma yana so a kawo masu girkin wasu wuraren su ga yadda ake yi a nan, in Hajiya ta yarda. Na ce masa wannan kam sai dai ya tambaye ta da kansa, ni ba ta kula ni.

Na shiga cikin gida cike da murna. Na wuce rumfa don in ɗauki jakata. Matan sun watse, saura Gwaggo ita kaɗai a kan kujera 'yar tsugunno, tana kwance wata leda a faranti. Na yi mata sannu da aiki, ina jiran ta amsa wa bango kamar yadda ta saba. Sai ta turo farantin gabana da mariƙin ludayi.

"Zauna ki ci, duba-gari. In ta yi tsami ki rufe mu."

Na zauna a ƙasa kusa da ita. Tun ina yarinya nake jin ƙamshin alalar azumin gidanmu, ban taɓa cin mai kyau ba sai ranar. Ta ƙona mini harshe, manja ya ji, attaruhu ya ji, gishiri daidai. Ina ci ina share ido da gefen hijabi, ina cewa yaji ne. Gwaggo ta dube ni ta ce ita ma tun ɗazu yajin ke damunta, ta kwance wata ledar ta ƙara mini.